Mujallar Sojojin Ruwa: Ta Wane Ne, Kuma Yaya Za A Riƙe Ta?

Laccar da aka gabatar a Maitama, Abuja, gaban hafsoshin sojan ruwa, 'yan jarida da ɗalibai

 

Duk wanda ya shigo Maitama yau ya biyo ta kan sunayen ruwaye, ko da bai lura ba. Titunan unguwar nan da yawa sunayen koguna suka ci: Nilu, Amazon, Danube, Zambezi, Limpopo, Yedseram, har da Tafkin Chadi. Teku kuwa tana can nesa da mu, ɗaruruwan kilomita. Duk da haka a Abuja hedikwatar rundunar sojojin ruwa take, a Garki, a Abuja ake tsara kasafin kuɗinta, a Abuja 'yan majalisa ke amincewa da shi ko su rage. Da yawa cikin masu wannan hukunci ba su taɓa taka jirgin yaƙi ba, haka ma talakan da ya zaɓe su. Sojan ƙasa ana ganinsa a shingen bincike, sojan sama ana jin rugugin jirginsa, shi kuwa sojan ruwa aikinsa a bayan ido yake. Wanda ke aiki a bayan ido ya fi kowa bukatar a rubuta labarinsa.

Rundunonin nan uku kowace tana da mujallarta: sojan ƙasa suna da Soja, sojan sama suna da The Airman, sojan ruwa suna da The Sailor. A kan irin wannan ta ukun aka nemi in yi magana, kuma maganata guda ce. Mujallar rundunar sojan ruwa hakkin mai aikin cikin jirgi ce. Shi ake rubuta wa, labarinsa ake rubutawa, da shi kuma ake auna ta. In ya karanta ya ƙaru, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In ya juya shafuka ya ajiye, an yi asarar takarda da tawada. Duk sauran abin da zan faɗa, game da edita da sirri da kuɗi da harshe, daga nan ya samo tushe.

Aikin da ba a gani

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma dokar duniya ta ba ta ikon cin arzikin ruwa har mil 200 na teku daga gaɓa. Ta wannan ruwa ɗanyen manmu ke fita, ta nan kuma mafi yawan hajar da ake sayarwa a Kantin Kwari da Sabon Gari ke shigowa. In 'yan fashin teku suka yi ƙarfi, kamfanonin inshora su ƙara kuɗi, masu jiragen dakon kaya su ƙara nasu, ƙarin ya biyo tirela daga Apapa har Kano ya sauka a aljihun mai sayen atamfa.

Ga misali ɗaya. A watan Mayu na 2020 'yan fashi suka kama wani jirgin kamun kifi na 'yan Sin mai suna Hailufeng 11, da ma'aikata 18 a ciki. Sojojin ruwan Najeriya suka tare shi a tsakiyar teku, suka hau, suka kuɓutar da ma'aikatan, suka kama mutum goma. A watan Yuli na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure kowannensu shekara 12, a ƙarƙashin dokar yaƙi da fashin teku ta 2019. Jaridu sun ba da wannan labari a taƙaice, sun wuce. To amma wa ya fara hango jirgin a na'ura? Yaya ake hawa jirgin da ke tafiya, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana saukewa, ga masu bindiga a ciki? Wa ya adana shaidun da lauyan gwamnati ya tsaya a kansu a kotu? Wane abu ne ya kusa ɓaci, wa ya gyara? Babu ɗan jaridar waje da zai samu waɗannan amsoshi, domin ba shi da hanyar shiga. Mujallar gida ce kaɗai ke da ita. In ba ta rubuta ba, matashin hafsan da zai gamu da irin wannan dare nan gaba zai fara daga farko, alhali wasu sun riga sun share masa hanya.

Abin da wasu suka yi

A 1848 rundunar ruwan Rasha ta fara buga mujalla mai suna Morskoy Sbornik, wadda har yau ake bugawa. A shekarun 1850, lokacin da Yarima Konstantin, ƙanin Sarki Alekzanda na Biyu, ke riƙe da rundunar, ya buɗe shafukanta. A lokacin yaƙin Kirimiya ta riƙa buga sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda suka ji rauni, har da ƙananan sojoji. Ta yi muhawara a kan bulalar da ake yi wa matuƙa, da gyaran kotunan soja, da tarbiyyar yara. Fararen hula suka koma suna neman mujallar soja ruwa a jallo, domin a nan suke samun gaskiyar da babu ita a wani wuri. A 1863 aka soke mafi munin nau'o'in hukuncin duka a ƙasar.

A Amurka, wasu hafsoshi sun kafa wata cibiya mai zaman kanta a Annapolis a 1873, shekara guda bayan haka suka fara mujallar Proceedings, inda ƙaramin hafsa ke iya saɓa wa ra'ayin babba da hujja, da sunansa a rubuce. A Ingila wasu matasan hafsoshi, ciki har da Herbert Richmond, sun fara The Naval Review a 1913, suka yarda marubuci ya ɓoye sunansa. Hukumar sojan ruwa ta ji zafin abin da ake rubutawa, ta dakatar da ita a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, bayan yaƙi ta dawo. Daga baya, a 1954, aka fara Navy News a Portsmouth domin labaran yau da kullum na matuƙa da iyalansu.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce Approach, mujallar kiyaye haɗari ta matuƙan jiragen saman sojan ruwan Amurka, wadda aka fara a 1955. Matuƙi ne da kansa ke zama ya rubuta yadda ya yi kuskure, yadda ya kusa hallaka, da abin da ya tsirar da shi. Ana buga wannan ne domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Rundunar da ta kai ga haka ta fahimci cewa kuskuren da aka ɓoye sai an sake yinsa, kuma a teku kuɗin maimaici rai ne.

Abin da ya haɗa waɗannan mujallu duka shi ne akwai wani babba da ya yarda a ji muryar na ƙasa, kuma rundunar ba ta rushe ba, ƙarfi ta ƙara.

Cutar mujallun gida

Na daɗe ina karanta mujallun ma'aikatu da hukumomi na ƙasar nan, na soja da na farar hula, kuma akwai cuta guda da ke yawan kama su. Bango hoton shugaba. Shafi na biyu shugaba ya kai ziyarar ban girma. Shafi na uku an kawo masa ziyarar ban girma. Tsakiya ana miƙa kyauta, ana yanka ƙyalle, ana liyafa. Takarda mai sheƙi, bugu mai tsada, amma in ka gama sai ka ga kundin hotunan biki ka karanta, wanda ba mai buɗe shi sai wanda ke ciki. Da an canza shugaba, bugun baya duka ya zama tsohon yayi.

Girmama shugaba wajibi ne a aikin soja, kuma jawabinsa yana da gurbi a mujalla, domin na ƙasa suna bukatar sanin inda aka dosa. Shafi biyu sun isa wannan. Sauran shafukan a sauka da su ƙasan jirgi.

A sauka ɗakin inji, inda zafi ke sa riga ta manne a jiki, ƙara kuma ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi sai da alamar hannu. Akwai makanike a can, kunnensa a toshe, yana zagayawa yana duba ma'aunin zafi da na mai, yana rubutawa a littafi, awa huɗu kafin a canje shi. Wannan mutum ya san wane famfo ne ke yawan toshewa idan jirgi ya shiga ruwan fadamun Neja Delta mai laka, ya san dabarar da ya yi da babu kayan gyara. A shiga kicin, inda kuku ke dafa abincin mutane masu yawa, tukwane a kange da sandunan ƙarfe don kada su kife idan jirgi ya karkata. A fito saman jirgi lokacin ɗaure shi a tasha, a bayyana wa sabon kurtu inda ba a tsayawa, domin igiyar ɗaure jirgi in ta tsinke tana dawowa da ƙarfin da ke karya ƙafa, har ta kashe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗannan su ne marubutan mujalla na gaskiya, aikin edita shi ne ya je ya karɓo daga bakinsu.

A ba iyali shafinsu. Matar da mijinta ya yi watanni a sansanin Baga ko a teku tana so ta san yadda ake neman hakki idan abu ya faru, wane ofis ake zuwa, wace takarda ake riƙewa. Wanda ya kusa ritaya yana so a yi masa bayanin fansho dalla-dalla. Wanda ya rasu a bakin aiki a buga sunansa da hotonsa da garinsu, komai ƙanƙantar muƙaminsa. Ranar 15 ga Disamba 2012 jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya faɗi a Bayelsa, Gwamna Patrick Yakowa na Kaduna da Janar Andrew Azazi suka rasu. Kowa ya riƙe waɗannan sunaye biyu. Matuƙan jirgin su biyu hafsoshin sojan ruwa ne, kuma hakkin mujallar rundunarsu ne ta hana a manta da su da irinsu.

Yadda za a riƙe ta

Na farko edita. Aikin soja aiki ne na canjin wuri, yau kana Abuja, gobe kana Kalaba ko Yenagoa. Mujalla kuwa tana son wanda zai zauna ya san marubuta, ya san maɗaba'a, ya san abin da aka buga bara. Shawarata ita ce hafsa ya shugabanci aikin, amma a ɗauki ƙwararrun 'yan jarida fararen hula su zama ginshiƙi na dindindin: mai tace rubutu, mai tsara shafi, mai ɗaukar hoto. A kafa kwamitin editoci da zai haɗa masu ci da masu ritaya da malamin jami'a, kuma a sa ƙaramin soja aƙalla guda a ciki. A rubuta manufar mujallar a takarda, babban hafsan rundunar ya sa hannu, domin edita ya samu abin dogaro ranar da wani babba ya bugo waya yana neman a cire labari ko a ƙara girman hotonsa.

Na biyu wakilai. Rundunar tana da manyan shiyyoyi uku, ta yamma a Apapa, ta gabas a Kalaba, ta tsakiya a Yenagoa, ga sansanin NNS Lugard a Lakwaja, ga na Tafkin Chadi a Baga, ga kwalejin da aka kafa a Dawakin Tofa ta jihar Kano. Kowane jirgi da kowane sansani ya zama yana da wakili. A koya masa rubuta labari da ɗaukar hoto, a biya shi ɗan alawus, kuma a sa rubutunsa cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Abin da ba a saka wa mutum a kansa ba, ba ya daɗewa yana yi.

Na uku sirri, kuma a nan ne ake yawan ruɗewa. Akwai sirri na gaskiya: inda jirgi zai nufa gobe, iyakar abin da na'urori irin na Falcon Eye ke iya hangowa, adadin harsashi, fuskokin dakarun musamman. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta kare waɗannan, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta keɓe abin da zai cutar da tsaro. Dole jami'in tsaro ya duba kowane shafi da kowane hoto kafin a kai maɗaba'a, domin hoto guda na iya nuna abin da ke kan allon na'ura a bayan mutum. Amma akwai abin da kunya ce kawai aka sa wa rigar sirri. A 2004 jirgin dakon mai MT African Pride, wanda aka kama da ɗanyen mai, ya ɓace daga inda ake tsare da shi a Legas. A farkon 2005 kotun soja ta kori manyan hafsoshi biyu, daga baya a 2011 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin ɗaya daga cikinsu. Duniya duka ta karanta wannan. Idan mujallar runduna ta yi shiru a kan irin wannan al'amari, sojan da ke karanta ta zai gane ba a nan ake faɗin gaskiya ba, kuma ranar da ta faɗi gaskiya ma ba zai yarda ba. A ba jami'in tsaro tambaya guda: shin wannan zai taimaki abokin gaba? In amsar a'a ce, a buga.

Na huɗu kuɗi da lokaci. A ware wa mujalla kasonta a kasafi. Idan ta dogara da tallan 'yan kwangila, to ranar da kayan ɗan kwangila suka lalace a teku ba za ta iya buɗe baki ba. A karɓi talla, amma a iyakance shafukansa, kuma a nuna wa mai karatu cewa talla ne. Gara takarda mai sauƙin kuɗi da ke fitowa a kan kari da mai sheƙi da ba a san ranar fitowarta ba.

Na biyar rabo. Yana da kyau a sa ta a intanet, a tura ta wayoyi. Amma jirgi in ya yi nisa daga gaɓa waya ba ta da amfani, don haka takarda ba ta mutu ba a wannan aiki. A fara kai kwafi jirage da barikoki da asibitocin soja kafin ofisoshin Abuja. Sannan a kai makarantun sakandare da ɗakunan karatu na jihohi.

Harshen da za ta yi magana da shi

Akwai masu ganin aikin ruwa na mutanen kudu ne. Tarihi bai yarda ba. Tun 1900 akwai sashen jiragen ruwa na Arewacin Najeriya a Lakwaja, wanda aka haɗe da na kudu a 1914, daga wannan tushe aka kafa rundunar a ranar 1 ga Yuni 1956. Joseph Wey ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta, a 1964. Murtala Nyako, mutumin Adamawa, ya riƙe ta a 1990, Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, ya riƙe ta a 2021. Cikin jiragen da injiniyoyinmu suka ƙera da hannunsu a Legas akwai NNS Andoni na 2012, da NNS Karaduwa na 2016, da NNS Oji na 2021. Yaro a Daura ko Argungu yana da hakkin ya san wannan, kuma ya san ta inda ake shiga.

Indiya tana buga mujallar sojojinta, Sainik Samachar, wadda ta faro a 1909, cikin harsuna fiye da goma. Mu ma muna da namu tarihin. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana edita, mutanen Arewa sun bi labarin Yaƙin Duniya na Biyu da harshensu, mai karatu ɗaya yana karanta wa jama'a. Ba abin da zai hana a riƙa fitar da ƙaramin bugu na mujallar sojan ruwa da Hausa da Yarbanci da Ibo, ko da shafi takwas ne, a kuma karanta shi a rediyo.

Amfanin wannan ƙaramin bugu ya wuce neman kurata. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya kife a Warrah ta jihar Kebbi, mutane masu ɗimbin yawa suka rasu. A ƙarshen Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a Patigi ta jihar Kwara. Kula da sufurin koguna aikin hukumar NIWA ne, amma ba wanda ya fi sojan ruwa sanin illar lodi fiye da kima, da tafiyar dare babu fitila, da amfanin rigar ceto. Shafi guda da Hausa mai sauƙi, da zane, wanda sarkin ruwa zai liƙa a mashiga, zai iya tsirar da rayukan da ba za mu taɓa sanin adadinsu ba.

Taskar gobe

Abu na ƙarshe shi ne adana. Waɗanda suka sauke dakaru a Bonny lokacin yaƙin basasa, a watan Yuli na 1967, saura kaɗan. Waɗanda suka kai sojojin ECOMOG Monrobiya a watan Agusta na 1990 sun manyanta. Waɗanda suka karɓo jirgin NNS Aradu daga Jamus a farkon shekarun 1980, da waɗanda suka kai shi Ingila a 2005, da waɗanda suka tuƙa NNS Thunder har Ostireliya a 2013, kowannensu yana ɗauke da ilimin da babu shi a fayil. Kowane bugu ya zo da hira guda da ɗaya daga cikinsu, hafsa ko makanike ko kuku. Dokar ɗakin karatu na ƙasa ta 1970 ta wajabta ajiye kwafin duk abin da aka buga, a cika wannan. A ƙara da Gidan Arewa a Kaduna da ɗakunan karatu na jami'o'i. A tattaro tsofaffin bugu daga hannun masu ritaya, a ɗauke su a kwamfuta kafin gara da ruwan sama su riga mu.

Ranku ya daɗe manyan hafsoshi, roƙona gare ku shi ne ku ba edita kariya a rubuce, ku rage shafukanku da kanku, domin ba wanda zai iya rage muku. Ƙananan sojoji, ku rubuta, ko da a takardar littafin makaranta ne, gyara aikinmu ne. Abokan sana'ata, ku karɓi wannan aiki da muhimmancin da kuke ba manyan jaridu, domin mai karatunku yana iya kasancewa cikin haɗari gobe, kuma abin da kuka buga ne zai tuna. Idan bugu na gaba ya fito, a kai shi ɗakin inji a tambayi wanda ke bakin aiki abin da ya ƙaru da shi, amsarsa ita ce sakamakon jarrabawarmu duka.

Allah ya tsare waɗanda ke kan ruwa a wannan lokaci, ya mayar da su ga iyalansu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.